Ranar da Mairo Ta Faɗi Sunan Ɗan Fari

Idan ka taɓa sayen mazarƙwaila a kasuwar Makarfi, ka ga wata doguwar mata tana miƙo maka kaya tana kallon ƙasa kamar wadda ta yar da allura, to Mairo ce, matar Sama'ila ɗan yayana. Na shekara ashirin gida ɗaya da ita, amma na fi sanin tsakar kanta fiye da fuskarta. A Furana aka haife ta, can ƙasar Ikara. Ubanta manomi ne, uwarta Bafulatana mai 'yan shanu, kuma duk kunyar da uwar ta mallaka ta juye wa wannan 'ya, ba ta rage wa sauran 'ya'yan ko ta lasa ba. Da aka kawo mana ita amarya ta yi wata uku ban ji muryarta ba, har na ja Sama'ila gefe na tambaye shi ko da murya aka yanka sadakin, ko sai an ƙara wani abu.

Gidanmu gidan rake ne, a wata 'yar unguwa tsakanin Makarfi da Kudan. Yayana Sada, uban Sama'ila, shi ke da fadamar, shi ke da injin matsa wanda doki ke juyawa. Maza su saro, su matse, a dafa ruwan a babban kaskon ƙarfe har ya yi kauri, a zuba a 'yan kwanoni ya daskare. Dafuwar nan ita ce aikin Mairo. Ba ta ɗanɗanawa, ba ta ɗiga wa ruwa ta gani. Kunne take sawa. In tafasar ta sauya murya sai ta ɗaga hannu a janye itace. Tun da ta karɓi kaskon nan ba mu ƙara zubar da ƙonanniya ba.

Allah Ya ba ta ɗan fari namiji, aka sa masa Uwaisu. To kun san al'ada, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Sai dai wasu matan suna yi ne don idon mutane, in sun shiga ɗaki su rungume abinsu su kira shi da suna har da kirari. Mairo kuwa da gaske take. "Wancan," "yaron nan," "na wajen Gwaggo," wato ni, iyakarta ke nan. In baƙuwa ta ce, "Wannan naki ne?" sai ta ce, "Na gidan ne," kamar ana tambayar ta turmi.

Yaro ya tashi kyakkyawa, lafiyayye, ga ci. Amma har ya shekara tara bai ce uffan ba. Kuma ba kurma ba ne, don yana jin ƙarar linzamin doki daga bayan katanga biyu. Ka zo dai saitin kunnensa ka kira sunansa, kamar da kututture kake. Ba ya kallon idon mutum. In an ɗaura wa doki inji, sai ya bi bayansa yana zagayawa daga hantsi har la'asar, doki ya gaji shi bai gaji ba. In an sauke, ya zauna ya jera kwanonin mazarƙwaila layi-layi, manya da manya, masu tsaga da masu tsaga. Ka kuskura ka gusar da ɗaya, unguwa ta ji. An sha rubutu, an yi turare, wata mai bori daga Kudan ta zo ta ci mana zakara biyu ta tafi da ƙoshinta. Ni dai mijina nake ce masa, irin wasan kaka da jika, kuma a cikin mazan da na yi shi kaɗai ne bai taɓa yi mini musu ba.

Shekara biyu da samun mulkin kai, ana tsakiyar matsa, Mairo ta juya ɗauko ludayi, yaron ya ga kumfa na tashi a kasko ya miƙa hannu zai kama. Allah Ya taƙaita, gefen damtse ne ya taɓa bakin ƙarfen. Amma fata ta saɓule. Da yamma Sada ya tara mu a zaure ya yanke hukunci: za a kira maƙeri a yi wa yaron marin ƙarfe a ƙafa, a ɗaure shi a turken tsakar gida duk lokacin da ake aiki. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne. Sai dai matsa wata biyar ake yi, kuma yaron da rayuwarsa duk zagaye ce, ka ɗaure masa ƙafa ai ka binne shi ne da ransa.

Washegari muka kai shi ɗakin shan magani na Makarfi a wanke ƙunar. Malamin asibitin, Zainulabidin, yana naɗa bandeji yana kallon yadda yaron ke lilo da jiki. Ya ce, "Inna, kun san an buɗe wani gida a bayan garin Zariya, makarantar kwana ta kurame da yara irin wannan? Ana koya musu wanka, da sa tufa, da aikin hannu. Na ji gado biyu ya rage, ran Litinin za su duba yara. In kuna so in rubuta muku takarda."

Mairo ta ɗago kai. Wallahi ta ɗago kai, a gaban namiji, har na ga ashe tana da 'yar tawadar Allah a ƙarƙashin ido. A hanyar komawa gida ta yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta. "Gwaggo, ki roƙar mini Baba. Ko ƙafa ce zan taka zuwa Zariyar. Kada a sa masa ƙarfe."

Na sami Sada yana alwala. Na ce, "Yaya, ka ji an buɗe makarantar marasa jin kira? Da an buɗe ta tun muna yara, da kai za a fara kaiwa."

Ya ce, "Adama, ki kiyaye ni. Makarantar 'yan boko zan kai jikana a mayar mini da shi wani abu daban?"

Na ce, "Wanda bai iya cewa ruwa ba, me za su sa shi ya faɗa? In sun sa shi ya yi Turanci ma ai mun ci riba, ka sami tafinta a kasuwa."

Muka yi ta yi har ruwan butarsa ya ƙare. Daga ƙarshe ya ce to, amma da kansa zai je ya ga wurin da idonsa, kuma in suka ƙi yaron, daga tasha gidan maƙeri zai wuce, kada in sake buɗe masa baki. Na ce na yarda, don na san alkawarin rufe bakina bai taɓa cin kowa ba.

Kwana huɗun da suka rage kafin Litinin gidanmu ya koma kamar gidan biki. Tela ya ɗinka riga da wando har kala biyu. Wanzami ya zo aski, mutum uku suka riƙe yaro, aka tashi da rabin kai, sai washegari aka ƙarasa. Mata suna ta shigowa, wannan da ƙuli-ƙuli, waccan da sabulun salo, kowa na son ta ga yaron da za shi Zariya karatu alhali 'ya'yan masu unguwa ma ba su je ba. Mairo ta wanke kayan nan ta shanya, ta naɗe, ta kwance, ta sake naɗewa. Ta zaɓi mazarƙwaila goma sha biyu mafi haske ta ƙulle a sabon zane, wai gaisuwar malamai.

Ran Litinin da sassafe muka hau lorin da ke kwasar rake. Ni da Mairo da yaro a baya bisa kaya, Sada a gaba kusa da direba, ya sha rawani kamar shi za a ɗauka. Ina ta fargabar ƙarar inji za ta tayar wa yaron da hankali. Ina! Ya leƙa ya ga taya na juyawa, shi ke nan ya sami abin duniya. Tun daga Kudan har Zariya yana kife a jikin katako yana dariya, uwar na riƙe da ƙugunsa, ita ma bakinta ya ƙi rufuwa, tana ta ɓoye shi da gefen mayafi.

Gidan ba wani babba ba ne. Dogayen ɗakuna biyu masu rufin kwano, da madafa, da rijiya mai murfi, da itacen mangwaro inda aka sa tebur. Mun tarar da iyaye bakwai da 'ya'yansu a kan benci. Mai duba yaran wata mata ce 'yar Kudu, gajera, mai tabarau, kowa na ce mata Sista. Hausarta ta Sabon Gari ce, mace ta zama namiji, namiji ya zama mace, amma zan gyara mata ita a nan don ta yi mana kirki daga baya.

Da layi ya zo kanmu ta karanta takardar Zainulabidin, ta dubi Mairo. "Ke ce uwarsa?"

Ga suruki tsaye a gefe da rawani. Mairo ta dubi yatsun ƙafarta. "Na gidanmu ne."

"Na ce ke kika haife shi?"

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Yaya sunansa?"

Mairo ta juyo ta dube ni. Na ce, "Uwaisu."

Sista ta ajiye alƙalami. "Mama, ba ke na tambaya ba. An sha kawo mana yaro a ce ga uwarsa, ashe maƙwabciya ce aka yi haya, a ajiye mana shi a tafi, ba mai sake leƙowa. Macen da ba ta san sunan yaro ba, yaya zan rubuta ta uwa?"

Na ce, "Sista, ɗan fari ne. A wurinmu wadda ta faɗi sunan da sauri ita ce ta haya. Wannan da kike gani tana neman shigewa ƙasa, ita ta yi naƙudar, ni na yanke cibi."

Ta yi ɗan murmushi, ta ce ta taɓa jin haka. Amma ta ce akwai abin da ba ta iya ɗagawa ga kowa. Ta nuna ƙofar gidan, ga titi motoci na wucewa. Ta nuna rijiya, ta nuna madafa. "Yara talatin gare ni, mu huɗu ne masu kula. Kurma ina buga ƙafa a ƙasa ko in ɗaga ƙyalle ya tsaya. Yaron da ba abin da ke tsayar da shi, ba zan iya riƙe shi ba, zai mutu a hannuna. A kira shi in ga ya juyo."

Ta kira da kanta. Yaro na tsugune yana jera 'ya'yan mangwaro da suka faɗo. Na kira, har da "mijina, ga tuwo." Ko gezau. Sada ya gyara murya ya daka masa kira irin wanda yake yi wa 'yan ƙodago a fadama, har wani jariri a benci ya fashe da kuka. Yaro ya ɗauki ɗan mangwaro na gaba ya ajiye a layi.

Sista ta ce, "Saura uwar. Irin waɗannan yaran sukan ji muryar mutum ɗaya. Ki kira sunansa."

Na matsa kusa da ita na rage murya. "Ke, 'yar nan, kunya ba ta taɓa kwance mari ba. Yau ɗaya dai. Ni zan toshe kunne, Baban naku kuma dama ba ji yake ba."

Sada ya ji ni sarai. Abin da ya yi shi ne ya juya mana baya ya kama kallon rufin kwano kamar an aiko shi ƙirga ƙusoshi. A iya zamana da shi ban taɓa ganin ya yi abin hankali irin wannan ba.

Gumi ya keto wa Mairo. Ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa. Sai ga shi ya fito, siriri kamar zare: "Uwaisu."

Matan benci suka yi salati. Wata tsohuwa daga Ikara ta ce, "Kai, duniya ta zo ƙarshe." Na ce, "Taki ce ta zo, ki matsa." Sista ta ce a ƙara da ƙarfi. Mairo ta rufe ido ta kwarara shi, "Uwaisu!" har ya dawo daga bangon ɗaki.

Yaro bai juyo ba. To yaya zai juyo? Shekara tara bai taɓa jin kalmar nan daga wannan bakin ba. A wurinsa daidai take da ta ce "Laraba."

Ta zubar da kunyarta a gaban suruki da baƙi, a banza. Sista ta ce ta yi haƙuri ƙwarai, ta jawo littafinta, ta ɗaga hannu a kawo na gaba. Sada ya juyo yana kakkaɓe riga.

Ana cikin haka mai dafa abinci ta buɗe tukunyar wake a madafa, tururi ya tashi. Yaro ya gani. Ya miƙe ya nufi wurin da saurin nan nasa na kan yatsu, hannu a miƙe, bandeji na reto. Kafin in ce wani abu sai na ji wata ƙara a gefena: harshe ya bugi ganɗa sau biyu, ƙwas ƙwas, sannan wata 'yar doguwar murya daga maƙogwaro, "hoooi."

Yaro ya tsaya cak kamar an ja shi da igiya. Ya juyo, ya dawo, ya tsaya a damar uwarsa ya kama gefen zanenta.

Sista ta miƙe har kujera ta faɗi. "Me kika yi? Sake yi!"

Mairo ta rufe fuska da hannu biyu. Da ƙyar muka ciro maganar daga bakinta. Kiran maruƙa ne, irin wanda uwarta ke yi a Furana in za a ɗaure su da yamma. Tun yaron na rarrafe, da ta rasa abin da za ta kira shi da shi, bakinta ya koma ga wannan. Ni kuma na sha jin ƙarar nan a tsakar gida, ina cewa awaki take kora daga shanya. Ba ta faɗa wa Sista ba don ita a ganinta ba kira ba ne, abin kunya ne, a ji tana yi wa jikan Sada kiran dabba.

Na ce, "Yaya, ka ji? Jikanka maraƙi ne. To kai me ke nan?"

Ya ce, "Adama, wallahi a lori zan bar ki." Amma gemunsa na rawa, dariya ce yake dannewa.

Sista ta sa aka kai yaron bakin ƙofa aka sake shi. Mairo ta yi kiran, ya dawo. Aka kai shi bayan ɗaki inda ba ya ganin ta, ya dawo. Sau biyar. Matan benci suka fara tafi, har da tsohuwar Ikara. Sai Sista ta cire tabarau, ta gyara tsayuwa, ta gwada da kanta. Abin da ya fito daga bakinta, jama'a, kamar kaza ta haɗiyi goro. Yaro ko kallo. Mai dafa abinci ta gwada, mai gadi ya gwada, kurame suka kewaye mu suna kallon bakunan manya suna ƙyaƙyatawa.

Sista ta ce ga sharaɗinta. Za ta riƙe gado ɗaya kwana bakwai. Mairo ta zauna a nan ta koya musu kiran. In yaron ya amsa wa mutum biyu cikin ma'aikata, an ɗauke shi. In bai amsa ba, ba yadda za ta yi.

Matar aure ta kwana bakwai a Zariya, a gidan da ba dangi! Duk muka dubi Sada. Ya dubi rijiyar mai murfi, ya dubi ɗakin kwanan da gadaje a jere, ya tambaya ko yaran Musulmi suna salla, aka nuna masa buta da tabarma. Ya ce, "Adama za ta zauna da ita. Ko ba komai gida ya huta mako guda." Ya kama hanyar tasha shi kaɗai.

Makon nan na ga abin da ban zaci zan gani ba: Mairo malama. Ta zaunar da Sista mai tabarau a kan tabarma tana ce mata, "A'a, ba haka ba. Harshen ya koma baya. Kada ki yi fushi a ciki, in da fushi ba ya zuwa." Ta gano cewa in ta tsaya bayan mai kiran ta dafa kafaɗarta, yaron na ɗan waigowa. Sai ta riƙa ja da baya kullum taki ɗaya. Ran Alhamis ya amsa wa mai dafa abinci, wadda dama 'yar Fulanin Giwa ce, harshenta a karye yake. Saura ɗaya. Juma'a ba labari. Asabar Sista ta yi ta yi har muryarta ta dishe, yaro na jera takalman kurame a baranda.

Ran Lahadi da hantsi Mairo ta ce ita za ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, don muddin yana jin ƙamshinta ba zai saurari wata ba. Muka leƙa ta taga ni da ita. Yaro ya nufi ƙofar gida, mota na tahowa. Na ji farcen Mairo ya shige damtsena. Sista ta ja numfashi: ƙwas ƙwas, "hoooi."

Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye yana lilo. Sannan ya juyo, ya zo damar Sista, ya kama gefen farar rigarta da yatsu biyu.

Na rangaɗa guɗa har mai gadi ya yar da sandarsa. Sista ta buɗe littafi a nan tsaye ta rubuta sunansa, ta ba shi gado na kusa da ƙofar ɗakinta.

Shekara shida ya yi a gidan nan, yana zuwa hutu. Bai yi magana ba har yau, kada in yi muku ƙarya. Amma ya dawo yana wanka da kansa, yana sanin wuta, yana saƙa tabarmar kaba da ba ta da karkata ko ɗaya. Ƙafarsa ba ta taɓa sanin ƙarfe ba.

Labari kuwa ya zaga. Daga Ikara, daga Kudan, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, mata suka riƙa sallama a gidanmu da yara a hannu, suna tambayar matar da ta san hanyar Zariya. Mairo ta bar wa ƙanwar mijinta kasko ta hau lori da su. Yara tara ta raka da ƙafarta, aka ɗauki biyar. Na bi su sau ɗaya don in sha iska. Tun daga tasha ta sa wata yarinya 'yar Makarfi da za ta kai ɗanta a gaba: "Za a tambaye ki sunansa. Faɗi in ji. Ƙara da ƙarfi. To a gida da me kike tsayar da shi? Kada ki ɓoye, ko tsaki ne ki faɗa musu."

Yarinyar ta gaji ta ce, "To ke Yaya, naki ɗan farin wa sunansa?"

Mairo ta ja mayafi ta dubi ƙasan lori. "Tambayi Gwaggo," in ji ta.